Kafin Ki Kwashe Adashenki Ki Saya Masa Jitar Bes

Uwargida, in dai kina da saurayi a gida mai waya a hannu, ki sa rai wata rana zai kawo miki hoton wani abu da yake so ki saya masa. Wata uwar kwamfuta ake roƙonta, wata babur, wata takalmin ƙwallo. Ni jita aka roƙe ni. Kuma ba jitar da kowa ya sani ba, babbar yayarta mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke fitowa daga ƙasa kamar gurnanin bajimi, wadda samari ke kira bes. Ita ma bes ɗin iri biyu ce. Akwai ta lantarki, wadda jikinta guntun katako ne cur, ba ta magana sai an jona ta da sifika. Akwai kuma mai rami a ciki kamar akwati, wadda aka ce tana kiɗuwa ko babu wuta. Wannan ta biyun ce ta shigo gidana a Gumel, ta yi hunturu uku tare da mu, kuma a kanta nake so mu yi magana. Abin da na gani a jikinta babu mai shagon da zai gaya miki shi kafin ki miƙa kuɗi.

Mai jitar ɗan fari ne, don haka kada ki jira in ambaci sunansa. Ko wannan rubutun da nake yi a kansa, da iyayenmu mata za su gani, cewa za su yi kunya ta ƙare a duniya. Ya gama sakandare yana jiran shiga Kwalejin Ilimi ta nan Gumel, ga wata da watanni babu abin yi, kuma ke ma kin san abin da zaman banza yake jawo wa samari a majalisar bakin titi a wannan zamanin. Babansa da farko ya ce a'a, gidanmu ba gidan maroƙa ba ne. Sai da aka yi sharaɗi: ba zuwa gidan biki don kuɗi, ba kiɗa idan an kira salla, ba kiɗa bayan isha'i. Maganar ko ya dace ko bai dace ba, wannan tsakaninki da maigida ne da malaminku, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne kuɗi. Kwasar adashena guda ta tafi a kan wannan jita, kuɗin da zai iya sayo mini tumaki biyu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, waɗanda da yanzu sun haihu sun sake haihuwa.

Hujjar yaron mai ƙarfi ce, kuma ita ce hujjar da naki zai kawo miki. Zai ce ta lantarki sai da wuta, sai da amfilifaya, ga halin da wuta take ciki. Mai ramin kuwa ko a gindin darbejiya ka zauna za ka kaɗa abarka. A baki maganar ta zauna daram. A aikace, ranar farko da abokansa biyu suka zo da ƙananan jitocinsu suka zauna a zaure, ina tsakar gida ina jin nasu tar, nasa kuwa sai dai in ga ya fito yana yarfe yatsu don ciwo. Da wani ya kawo kalangu, sai ta zama kamar ba ta wurin.

Dalilin ba lalacewa ba ne, haka aka halicce ta. Tsirkiyar da ta fi kauri a jikin bes tana kaɗawa ne kusan sau 41 a cikin daƙiƙa guda, rabin na tsirkiya mafi kauri a jita ta yau da kullum. Sauti mai zurfi haka yana bukatar babban ciki da zai tura iska mai yawa, kamar yadda ba za ki sa ran ƙaramin kurtu ya yi amon ganga ba. Shi ya sa babban gogen Turawa da ake kaɗawa a tsaye ya kai tsayin mutum. A ƙasar Meziko makaɗan biki suna da wata ƙatuwar jita mai tsirkiya shida, mai baya a kumbure kamar masaki, har sai mai kaɗa ta ya miƙa hannu sosai kafin ya rungume ta. Ita ce wani Ba'amurke mai sana'ar tsirkiyar jita, Ernie Ball, ya duba ya fito da tasa bes ɗin mai rami a 1972, ita ma da ƙaton ciki. Waɗanda ake kawo mana yanzu an rage musu girma don su yi daɗin riƙo da sauƙin kuɗi, muryar kuwa ta tafi tare da girman.

To a nan ne asalin ciwon yake, ki riƙe shi da kyau domin duk sauran daga shi suka fito. Maƙerin jita yana son murya ta fito, sai ya fere katakon fuskarta ya yi siriri, kusan milimita 3, don ya riƙa rawa idan an taɓa tsirkiya. Amma tsirkiyoyin bes guda huɗu, idan an ɗaure su yadda ya kamata, jan da suke yi ya kai nauyin babban namiji, kilo 70 zuwa 90, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Wuyanta kuma ya fi na jita tsawo, tsirkiyar tana kai santimita 86. Idan maƙeri ya ƙara kaurin katako don ya jure, murya ta mutu. Idan ya rage don murya ta fito, ƙarko ya tafi. Murya da ƙarko a jikin wannan abu kishiyoyi ne, kowacce aka yi wa zani ɗayar za ta yi yaji.

Wannan matsala ce ko a ƙasashen da ake ƙera ta. Sai ki ɗora mata yanayinmu.

Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A nan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, idan hunturu ya kankama a watan Janairu, danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20. Ba sai kin duba wani ma'auni ba, leɓenki da diddigenki za su gaya miki. Ki tuna ƙofar ɗakinki ta katako, wadda a watan Agusta sai kin sa kafaɗa take rufuwa, amma a hunturu har haske kike gani ta tsakanin falankanta. Katako yana shan ruwa daga iska, yana kuma amayar da shi, ko da shekara nawa ya yi da yankewa. Ƙofa tana da kauri, tana da ƙusa, tana da wurin motsawa. Fuskar jita siririya ce, an manne gefenta duka da gam, an kuma manna mata sanduna ta ciki a gicciye. Idan ta so ta tsuke ba ta da inda za ta, sai ta tsage.

Tamu ta tsage ne a hunturunta na farko, da tsakar dare. Ƙarar kamar an karya kara, har ƙanwarsa ta farka ta ce ɓera ne. Da safe muka ga layi siriri daga ƙasan jaki, wato katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa kansa, har zuwa gindinta. Babu wanda ya taɓa ta, babu wanda ya yar da ita. Yaron ya yi ta rantsuwa, ƙannensa suna ta rantsuwa, aka kusa yin faɗa a kan laifin da iska ta yi. Shi ya sa nake gaya miki tun yanzu, idan taku ta tsage a hunturu, kada ki bari a daki ƙaramin yaro.

Kafin tsagewar akwai alamun da suka zo, waɗanda duk mai jita ya kamata ya sani. Na farko, ƙananan ƙarafan nan da aka gitta a wuya, inda ake danna yatsu, bakunansu sun fara fitowa ta gefe suna yankar hannu. Ƙarfen ba ya tsukewa, katakon da ke riƙe da shi ne ya tsuke ya bar shi a waje. Na biyu, fuskar ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi suka sauko suna gugar ƙarafan, sai kiɗan ya koma zuzz kamar an saka ƙuda a kwalba. Idan kin ji wannan zuzz ɗin a watan Disamba alhali a kaka babu shi, jitar ƙishirwa take ji.

Maganin ƙishirwar kuwa yana ɗakinki. Ki samo gidan sabulu na roba, ki huhhuda murfin, ki jiƙa guntun soso ki matse shi har ya daina ɗiga, ki saka a ciki, a ajiye shi cikin jakar jitar a zuge zif. Duk kwana biyu a duba, domin a hunturunmu soso ba ya daɗewa. Sharaɗin shi ne jakar ta kasance a rufe, kuma ruwa kada ya taɓa katakon. Jitar da aka rataye a bango don ado, kamar yadda suke gani a bidiyo, ita ce ta fi saurin mutuwa. Mu ɗakin ƙasa na kakarsu muka mai da ita, kusa da randa amma ba jingine da ita ba, inda iska ta fi sanyi da laushi. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Jihar Jigawa. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don tumatir da yalo su daɗe, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, da ruwan da ke tashi daga jikin tukunya ya yi aiki. Mu ma shi muke ara, sai dai shi sanyin yake nema, mu danshin.

Hunturu na wucewa sai bazara ta karɓa, kuma ita aikinta a kan gam ne. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa Allah kaɗai ya san abin da yake kaiwa da azahar. Gam ɗin da ke riƙe da jita yana laushi idan ya ji zafi, ga kuma nauyin namiji guda yana jan jaki ba hutu. A hankali bayan jakin yakan fara ɗagawa, kamar tafin takalmin da ya fara buɗe baki. Katakon da ke bayansa kuma ya yi tozo, na gabansa ya lotsa. A jitoci masu araha abin ya fi sauri, saboda wasu masana'antun a kan fenti suke manna jakin maimakon su kankare su haɗa katako da katako. Gam ya kama fenti, fenti kuma ya saki katako.

Mafi munin wuri shi ne mota. Motar da aka rufe a rana, zafin cikinta yana haura digiri 60. Tafiya ɗaya daga Kano zuwa Gumel, kilomita kusan 120, jita tana but ko an ɗaure ta a saman mota tare da buhuna, ta isa ta yi abin da shekara guda ba ta yi ba. Idan dole a yi tafiya da ita, a sassauta tsirkiyoyin, a riƙe ta a cinya ko da za a biya mata kujera.

Da jakinmu ya ɗaga, yaron ya kai ta wurin wani dattijon kafinta a unguwarmu, na bi shi don in ji kuɗin. Dattijon ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce, "Hajiya, ƙusa biyu zan sa mata, har jikokinki sai sun gaji da ita." Yaron ya kusa kuka. Ya ce, "Baba, don Allah ban da ƙusa." Kuma gaskiyarsa, ƙusa a katako mai milimita 3 tsaga ce kawai za ta ƙara. Haka ma sufa gulu da yara ke ɗurawa a duk inda ya buɗe: yana bushewa ya zama kamar gilashi a kan tsohon gam da ƙura, ba ya riƙewa, kuma yana hana gyaran gaskiya daga baya. Gyaran gaskiya shi ne a kwance tsirkiyoyi, a ɗumama jakin a cire shi gaba ɗaya, a kankare tsohon gam da fentin da ke ƙarƙashinsa, a shafa farin gam na kafinta, a matse da matsi ta cikin ramin, a bar shi aƙalla kwana ɗaya kafin a mayar da tsirkiya. Dattijon bai taɓa yi ba, amma hannu ne da ya shekara arba'in yana aiki. Yaron ya nuna masa bidiyo a waya, ya kalla sau biyu, ya sassaƙa wa kansa matsi na katako, ya yi aikin. Har yau jakin nan bai sake motsi ba. Da zai karɓi kuɗi ya ce, "Wannan aba taku, an yi ta ne don ƙasar da ba a rana."

Damina ita kuma wuya take kamawa. Danshi yana haura kashi 70 a watan Agusta, fuskar ta kumbura ta ɗago, wuyan ya lanƙwashe, tsirkiyoyi su yi nisa da katako har sai yaro ya sa ƙarfinsa duka kafin ya danna. Yara da yawa a nan suke ajiye kiɗan, suna zaton su ne ba su da baiwa, alhali jitar ce ta karkace. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da aka ɓoye, ana murɗa ta da alanki irin na masu gyaran babur don a miƙar da shi. Ki ja wa naki kunne a kan wannan sanda. Kwatan zagaye kawai ake murɗawa, a bari ta kwana, a duba. Idan ta yi tauri a tsaya. Saurayi da alanki a hannu ba ya sanin ya isa, kuma idan sandar ta karye a ciki, kuɗin gyaran ya fi kuɗin jitar. A damina kuma soso ya fita daga jaka, a saka ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna cin kuɗi. Zanzaro yana son ramin jita, sai ki ji wani abu yana kwaranniya a ciki, ashe gida ya gina. Gara ba ta san tsada ba, don haka kada a jingina ta da bangon ƙasa. Ƙura tana shiga kunnuwan da ake murɗawa, haƙoransu su cinye, tsirkiya ta riƙa saki da kanta. Sannan tunda muryarta ba ta isa, yawancinsu an saka musu ɗan na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin jaki, mai aiki da batir mai kusurwa huɗu na bolt 9. Ki lura da abin dariyar: jitar da aka saya don kauce wa sifika, ga ta da ramin jona sifika. Idan aka bar waya a jone, batirin yana ci gaba da ƙonewa ko ba a kiɗa. Idan kuma aka manta da shi a ciki wata da watanni cikin zafi, sai ya yi zawo ya cinye wayoyin.

Tsirkiya ma labari ce mai zaman kanta. Na irin wannan bes ɗin an naɗe su da jan ƙarfe mai ruwan tagulla, gumin hannu da ƙura suna dusashe su, su yi baƙi, muryar ta toshe. Ba a sayar da su a shagon kan kwana, sai an yi sautu Kano, kuma saitin guda kuɗin cefanen kwanaki ne. A goge su da busasshen tsumma duk bayan kiɗa, a wanke hannu kafin a taɓa, musamman bayan tuwo da miyar mai. Makaɗan bes a ko'ina suna da wata dabara ta talaka: su kwance tsofaffin tsirkiyoyi su tafasa su a ruwa na 'yan mintuna, su shanya su bushe sarai, su mayar. Dattin da ya maƙale a tsakanin naɗin ya fita, murya ta dawo na ɗan lokaci. Ranar da na tarar da tsirkiya tana tafasa a tukunyar shayina, sai da na zauna.

Akwai wani tsoho a wajen Sule Tankarkar, abokin mahaifina, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa mafarauta kiɗan garaya. Da muka je gaisuwa bayan salla, yaron ya tafi da jitarsa don ya nuna masa. Tsohon ya shafa ta, ya ƙwanƙwasa, ya ɗan ja tsirkiya ɗaya ya kasa kunne. Sai ya sa aka ɗauko masa tasa daga rataye, baƙa wuluk don hayaƙi da shekaru. Ya ce, "'Yata, wannan ta girmi mijinki a gidan nan. Fata na sake mata ba adadi, tsirkiya kuwa ba a magana. Amma ita ce dai."

Na daɗe ina tunanin wannan magana, domin a cikinta bambancin yake. Garaya ma tana jin yanayi. Da damina fatarta takan saki, murya ta yi sanyi, sai an kanga ta a wuta ko an shanya ta a rana, kamar yadda masu ganga suke yi. Da hunturu fatar takan ɗaure har ta yage. Amma kusan komai a jikinta ɗauri ne, manni kaɗan ne. Wuyanta sanda ce da aka zura, tsirkiya da zoben fata aka ɗaure ta, jakinta a ɗore yake kawai. Abin da aka ɗaure yana da wurin motsawa, kuma idan ya lalace a kwance shi a sa wani, da kayan da ke kasuwar ƙauye. Gurmin da Alhaji Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi, ƙoƙo ne da fata da sanda. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015 bayan ya zaga ƙasashen duniya da shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal. Ba na cewa ki tilasta wa yaronki gurmi alhali bes yake so, saurayi ba ya son abin da uwarsa ta zaɓa masa. Amma ki san cewa ɗaya an yi shi ne da sanin akwai hunturu, ɗayan kuwa maƙerinsa bai taɓa jin sunan hunturu ba.

Kuma kada yaro ya sa ki ji kamar rashin jita mai tsada ne zai tare masa hanya. Can hayin iyaka a Nijar, Mdou Moctar, wanda yanzu yake cika manyan wuraren wasa a Amurka da Turai, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

Idan bayan duk wannan kin yanke sai kin saya, to ga abin da zan gaya wa ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Kada ki bari hasken fenti ya ruɗe ku. Mai shago zai yaba miki wadda aka yi da tsantsar katako guda, ya ce ta fi murya, kuma gaskiya ne ta fi. Amma a ƙasarmu wadda aka yi da filawud, wato siraran katako da aka manna a gicciye, ta fi jure bushewa nesa ba kusa ba, ga ta da araha. Ki nemi mai gajeren wuya, mai santimita 76 zuwa 81, domin jan tsirkiyarta ya fi sauƙi, a kuma sa mata tsirkiyoyi marasa kauri sosai. Sabuwa fil da ta fito daga kwantena a Legas, inda iska take jiƙe shekara duka, ba ta san abin da ke jiran ta ba. Ta hannu wadda ta riga ta yi hunturu biyu ko uku a Kano ko Damagaram ba ta tsage ba, ta riga ta ci jarrabawa. Shi ya sa ma lokacin saye mafi kyau shi ne tsakiyar hunturu, lokacin da duk wani aibi yake a fili.

A shagon, yaro zai so ya zauna ya yi kiɗa. Ke ki yi aikin ido. Ki yagi takarda ki gwada zura ta ƙarƙashin bayan jaki, idan ta shige ko kaɗan, ku ajiye. Ki ɗora rula a kan fuskar ta bayan jaki, ɗan tudu kaɗan ba laifi, amma idan rular tana lilo kamar a kan tozo, ku ajiye. Ki ɗaga jitar ki hango tsawon wuyan daga kai kamar mai duba ko taɓarya ta miƙe, kada ya murɗe gefe. A tsakiyar wuyan, idan biro zai wuce tsakanin tsirkiya da ƙarfe cikin sauƙi, ta yi nisa. Ki duba inda wuya ya haɗu da jiki ko akwai layin buɗewa. Ki ƙwanƙwasa fuskar da bayan da yatsa a wurare da yawa, kamar yadda kike gwada sabuwar tukunya, idan kin ji wani wuri yana karkarwa, sandar ciki ce ta saki. Ki buɗe gidan batir ki ga ko ya yi kore. Sannan a yi ciniki har da jaka mai kauri, domin jita ba jaka a garin nan kamar jariri ne ba zani.

Ra'ayina kuwa, tunda kin karanta har nan ina ganin kina so ki ji shi: idan bes yaron yake so da gaske, ki saya masa ta lantarkin. Jikinta katako ne mai kauri, babu siririyar fuska da za ta tsage, jakinta na ƙarfe ne da aka ɗaure da noti, wuyan yawancinsu ma da noti huɗu aka kama shi, ana kwancewa a gyara. Ita ma ƙarafan wuyanta za su fito da hunturu, wuyan zai ɗan motsa da damina, amma iyakarta ke nan. Maganar wuta kuwa ta canja, yanzu akwai ƙananan amfilifaya masu caji da hasken rana zai iya cika su, akwai ma ɗan ƙarami da ake jonawa da abin saƙalawa a kunne, yaro ya yi ta kiɗansa babansa yana barci a ɗaki na gaba. Ga wanda yake koyo daga farko kuma, ƙaramar jita mai tsirkiyar roba ta fi sauƙi a yatsa, janta bai kai rabin na bes ba, kuma kuɗinta ba zai cinye kwasar adashe duka ba.

Tamu tana nan, da tabon tsaga a fuska wanda dattijon ya toshe ta ciki da ƙananan guntayen katako, da soso a jaka daga Nuwamba zuwa Maris. Yaron ya taɓa neman ya sayar da ita ya cika kuɗi ya sayi ta lantarki. Wanda ya zo dubawa, da ya ga tabon, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da na biya ya taya.